Kaskon Goggo da murhun da ya gaje shi

Ga shi hunturu ya sake kawo jiki, hazo ya fara lulluɓe Dutsen Kagoro da safe, masu gawayi kuma sun fara ƙara kuɗin buhu. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba ku labarin abin da ya same mu a gidanmu hunturun da ya wuce na bara, da abin da muka yi bayansa. Mun daɗe muna jan ƙafa wajen faɗa, don akwai 'yar kunya a ciki. Laifin namu ne, ba na kowa ba.

'Yan uwanmu na Kano da Katsina dariya suke yi idan muka ce ana sanyi a Kafanchan, wai mu da muke kudu me muka sani game da ɗari. To, sai wanda ya kwana a nan tsakanin ƙarshen Disamba da tsakiyar Janairu. Garin yana kan tudu, sama da mita 700 daga teku, ga tsaunukan Filato a gabas da mu. Idan iska ta gangaro ta wajen Kagoro da asuba, ruwan buta sai ka rantse daga firij aka ciro shi. Matasa sukan jure da rigar sanyi da shayi. Tsofaffi da jarirai da masu jego kuwa, su sai da wuta.

Goggonmu, yayar mahaifinmu, ta haura shekara 70. Tana kwana da jikoki biyu, yarinya 'yar shekara 9 da ƙaninta ɗan shekara 5. Kowane hunturu, bayan sallar isha'i, sai a kwashi garwashi daga murhun tuwo a zuba a kasko, a ƙara gawayi, a kai mata ɗaki. Haka muka taso muka gani, ba wanda ya taɓa cewa uffan. A wannan daren sanyi ya yi tsanani, sai ta rufe taga ruf, ta kuma cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa don kada iska ta shigo.

Wajen ƙarfe uku na dare ɗaya daga cikin matan gidan ta tashi rarrashin jaririnta, sai ta ji kamar ana kakarin amai a ɗakin Goggo. Ta je ta buga ƙofa.

"Goggo! Goggo, lafiya?"

Shiru. Ta tashe mu, muka ɓalle ƙofar. Yarinyar na kwance a bakin ƙofa cikin amai, ta rarrafo ta kasa kaiwa ga sakata. Yaron ya yi laushi kamar tsumma. Goggo idonta a buɗe, amma harshenta ya yi nauyi, ba ka gane abin da take faɗa. Abin da ya ruɗa mu shi ne ɗakin fes yake, babu hayaƙi ko kaɗan, babu wari, sai ɗumi mai daɗi. Maƙwabta suka cika gida. Wannan ya ce iska ce, a kawo tofi. Waccan ta ce guba ce a abinci, a ɗura musu manja. Allah ya saka wa maƙwabcinmu mai Keke da alheri, shi ne ya ce a bar gardama a ɗauko su. Muna isa asibiti, kafin ma a gama kwantar da su, likitan ya dube mu ya ce, "Da wuta suka kwana a ɗaki?"

Bayan an sa musu iskar oksijin sun farfaɗo, ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Gawayi idan yana ci a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Idan mutum ya shaƙe ta, tana maƙale wa jini fiye da yadda oksijin ke maƙalewa sau ɗari biyu da wani abu, sai jini ya yi ta zagaya jiki ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata ba. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da mutuwar jiki. Wanda yake barci kuwa sau da yawa ba ya ma farkawa ya ji waɗannan. Nan muka tuna sau nawa Goggo ta tashi da ciwon kai da safe a hunturu, mu kuma mu saya mata maganin zazzaɓi a kemis.

Kwana biyu aka sallame su. A dare na huɗu Goggo ta aiko a kai mata kaskonta.

Muka taru muka je muna lallashi. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ku yaran nan, ni da kasko tun ina goyon ubanku. Me ya sa bai kashe ni ba sai yanzu?"

Ba mu da amsa a daren, kuma tambayar ta hana mu barci, don gaskiya ta faɗa. Sai daga baya muka gane. Ɗakin da ta yi ƙuruciyarta a ciki na ƙasa ne da jinka, iska na shiga ta ko'ina, ƙofar ma asabari ce. Ko ɗakin kwanon da ta zauna shekaru da yawa ba shi da silin, tagarsa ta katako ce mai ɓaraka. Mu ne da hannunmu, da muka ɗan samu sarari, muka gyara mata ɗaki: muka sa silin, muka sa taga mai gilashi da ke rufuwa gam, muka sa ƙofar ƙarfe. Har hoto muka ɗauka muna alfahari. Mun sauya ɗaki, ba mu sauya wuta ba. Kuma idan kuka duba unguwanninmu, daga cikin gari har Takau da Bayan Loko da Unguwar Rimi, gida nawa ne aka yi wa irin wannan gyara, kasko kuma yana nan yadda yake?

Hana ta wuta gaba ɗaya ba mafita ba ce. Sanyi ma yana kayar da tsoho, ga ciwon gwiwa, ga tari. Na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki kuwa, kowa ya san yadda wuta take a garin nan, ba za ka jingina ran tsohuwa da ita ba. Gas ya fi ƙarfin aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, a shekarar kuma cuta ta cinye citta a gonakin Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, kuɗin da ke zagayawa a kasuwanninmu ya ja baya. Gidaje da yawa da suka koma tukunyar gas sun ajiye ta a lungu sun dawo wa itace. Don haka tambayarmu ba ita ce itace ko wani abu ba. Tambayar ita ce yaya za a yi a samu ɗumin itace ba tare da gubarsa ba.

Muka shiga cigiyar murhun zamani. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Nijar tun shekarun 1980 ake ƙera murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi. Mu nan manyanmu sun san murhun Abaca, wanda ƙarancin kananzir na shekarun 1990 ya haifar. A Kaduna akwai ƙungiyar DARE, wadda tare da wata ƙungiyar Jamus mai suna atmosfair ta yi shekaru tana yaɗa murhun Save80, na farin ƙarfe, wanda sunansa ma yana nufin rage cin itace da kashi 80 cikin 100. Yana zuwa da wani akwati mai riƙe zafi, idan shinkafa ko wake ya tafasa sai a sauke a sa a ciki ya ƙarasa nuna ba wuta. Gwamnatin tarayya ma a 2014 ta amince da kwangilar naira biliyan 9.2 don sayen murahu 750,000 a raba wa matan karkara, maganar da ta ƙare a cece-kuce. A 2024 kuma aka amince da manufar ƙasa kan girki mai tsabta.

Amma ga abin da muke so kowa ya riƙe: duk waɗannan murahun girki ne. Suna rage itace, suna rage hayaƙi, amma ba a yi su don a shiga da su ɗakin kwana a rufe ƙofa ba. Mun kusa sake faɗawa rami a nan. Wani mai shago ya sayar mana da wani ɗan murhun gawayi mai fenti mai kyau, ya rantse mana cewa ba ya hayaƙi, ko a kan gado ma a ajiye shi. Da muka kai wa likitan nan hotonsa sai ya riƙe baki. Ya ce ai kaskon ma ba ya hayaƙi a daren da ya kusa kashe mutum uku. Duk wutar da ba ta da bututun da zai fitar da numfashinta waje, ba ta da wurin kwana a ɗaki.

Wanda ya warware mana matsalar ba injiniya ba ne, wani dattijo ne da muke sallah tare, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Kun san Kafanchan garin reluwe ne. Tun 1927 nan ne mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi zuwa Kaduna, da reshen da ya hau Jos. A ƙuruciyarsa Baba aikinsa shi ne zuba kwal ɗin Inugu a cikin injin jirgi mai tururi. Da muka ba shi labari bayan sallar la'asar, sai ya yi murmushi ya ce, "Yara, hayaƙi fa itace ne da bai gama ci ba. A Loko idan ka cika baƙin hayaƙi, direba zai ce kana zubar da kwal ɗin gwamnati ne ta bututu."

Ya ɗauki tsinke ya zana mana a ƙasa. Wuta tana son abu uku: wuri matsattse mai riƙe zafi, iska ta ƙasa, da doguwar hanya ta sama da za ta ja ta. Murhunmu na duwatsu uku ba shi da ko ɗaya. Wutar a buɗe take, iska na kaɗa ta ta ko'ina, harshenta na lasar tukunya mai sanyi ya mutu kafin ya ƙone hayaƙin. Shi ya sa masu gwaji suka sha nuna cewa abin da ke shiga tukunya daga zafin irin wannan murhu bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Saura duk na sararin Allah ne, da idon mai girki.

Ɗakin Goggo bango ɗaya ne ya raba shi da kicin. Baba ya ce shi ke nan, an gama. Muka kira magini da mai walda. Aka gina murhu da jan bulo a cikin kicin, jikin wannan bangon. Ramin wutar ƙarami ne, an shafe shi da yumɓu da aka kwaɓa da ɓuntun shinkafa don ya riƙe zafi. Akwai ɗan ƙarfe kamar raga da ake ɗora itace a kai, iska na bi ta ƙarƙashi. Sama akwai ramin tukunya biyu, na gaba na tuwo, na baya na ruwan zafi. Daga nan zafin da ya rage ba ya fita kai tsaye. Yana bi ta cikin bututun ƙarfe mai kauri da aka binne a wani dakali da aka gina a ɗakin Goggo, jikin bangon, sannan ya sake fita waje ya hau sama ya wuce kwano. Bakin wuta a kicin, bakin hayaƙi a sama, abin da ke shiga ɗaki ɗumi ne kawai. Idan an gama tuwon dare, dakalin ya sha zafi, sai ya yi ta sakinsa a hankali har wajen asuba, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

Da Goggo ta ga an gama sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai gadon ƙasa ne. Shi ne zamanin?" Kuma ba ta yi ƙarya ba. Kakanninmu sun san gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashi, a ƙasar Hausa da nan kudancin Kaduna. A arewacin Sin har yau akwai gidajen da ke kwana a kan irinsa, kuma nasu da murhun girki yake haɗe kamar namu. Abin da muka ƙara a kan na kakanni bututu ne, da matse ramin wuta. Sai dai a nan bari mu ja kunne: ɗumi muke nufi, ba gashi ba. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta kwanciyar mai jego a kan gado mai tsananin zafi, da wankan tafasasshen ruwa, da yawan kunun kanwa, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Dakalinmu idan ka ɗora tafin hannu ka kasa barinsa a kai, to an cika wuta.

Amfanin farko da muka gani shi ne wanda muka nema: hunturu ya zo ya wuce, ba wanda ya tashi da ciwon kai. Amma wanda ya fi ba mu mamaki a aljihu ya bayyana. Wata uku bayan ginin aka yi haihuwa a gidan. Duk magidanci ya san abin da ake nufi da itacen jego: kwana arba'in ana dafa ruwa safe da yamma, ka tara itace kamar za ka buɗe gidan burodi, kafin suna ya zagayo har ya yi rabi. Wannan karon garwar ruwa na kan ramin baya, tana zafi da wutar da ake dafa koko da tuwo. Itacen da muka saya don jego ya kai mu har bayan arba'in, da saura. Gawayin ɗumama ɗaki kuwa mun daina sayensa kwata-kwata.

Matan gidan nasu lissafin daban ne. Su abin da suke faɗa shi ne ido ya daina ja, kaya sun daina warin hayaƙi, kunkunniya ta daina zubowa daga kwano cikin miya. Yara masu rarrafe ba sa samun garwashi a buɗe, kuma duk wanda ya taɓa kai yaro asibiti da ƙunar kasko ya san abin da muke nufi. Da can muna ɗaukar tarin da iyayenmu mata ke yi a matsayin tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙiyasinta na 2020, ta ce gurɓatacciyar iskar cikin gida tana sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekara, sama da 237,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ba mu taɓa zaton muna cikin wannan lissafi ba, mu da muke ganin hayaƙi a matsayin alamar gida na da rai.

Akwai kuma maganar daji. Wanda ke bin hanyar Gidan Waya zuwa Godogodo, ko ta Kwoi, ya san buhunan gawayin da ke jere a bakin titi suna jiran motocin Abuja da Jos. Buhu ɗaya na gawayi sai an ƙona itace ninkinsa da yawa a nauyi kafin a same shi, kuma masu yi ba kowane itace suke so ba, sai mai ƙarfi irin su ƙirya da marke, har da kaɗanya da ɗorawa, waɗanda da can kunya ma ake ji a sare su. Daddawa da man kaɗe daga ina za su fito nan gaba? Ba ma zargin mai gawayi, neman abinci yake, mu ne masu saye. Murhunmu kuwa ƙirare yake so da ƙananan faskare. Reshen mangwaro da aka sassabe, ragowar katakon malaina daga wajen masu yanka, har totuwar masara, duk yana ci.

Kada mu yi muku daɗin baki, yana da nasa fitinar. Kuɗin gini a dunƙule yake fita, mu sai da muka yi karo-karo tsakanin 'yan uwa, har da na Legas. Ba ya karɓar gungume, dole a faskara itace ƙanana, yaran gidan har yau suna gunaguni. Ɗanyen itace kuwa abokin gabarsa ne. Itacen da aka sare yau kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar sai ta ɓata ƙarfinta wajen busar da shi, bututu ya cika da baƙin danƙo. A Ingila ma tun Mayun 2021 aka hana sayar wa gidaje ɗanyen itace a ƙananan ɗauri saboda wannan. Mu nan, da ruwan saman Kafanchan da ba ya wasa, sai da muka yi 'yar rumfa muka fara tara itace tun rani. Daminar farko ruwa ya bi ta inda bututu ya huda kwano ya jiƙa mana buhun masara, sai da mai walda ya dawo ya yi masa hula da kwala.

Sannan yana son kulawa. Kowane wata biyu muna kwance gwiwar bututun mu kakkaɓe. Kafin hunturu Baba da kansa yake zuwa, ya sa a hura ɗanyen ganye don a yi hayaƙi da gangan, ya bi dakalin da tocila yana neman tsaga. Ya taɓa samun ɗaya, siririya kamar zare, aka liƙe. Kuma duk da haka mun cire gilashi ɗaya na saman tagar Goggo mun sa raga, ba mai rufe shi ko ana muku-muku. Wanda zai yi irin wannan gini, don Allah kada ya ba wanda bai san yadda bututu ke jan iska ba. Bututun da aka yi gajere ko aka cika masa lanƙwasa, hayaƙin baya yake dawowa, ka ga an gudu ba a tsira ba. Wanda kuma yake haya, ko ɗakinsa ba ya jikin kicin, ko murhun girkin zamani kaɗai ya samu ya rage asara: a dafa ruwa a tsakar gida, a zuba a jarka mai murfi, a naɗe da zane a sa wa tsoho a ƙafa. Wuta dai ta kwana a waje.

Abu ɗaya ne muka rasa wanda ba mu san za mu yi kewarsa ba. Da can bayan isha'i yara kan kewaye murhu suna jin ɗumi, ana gasa rogo da gyaɗa a toka, ana tatsuniya. Sabon murhu wutarsa a ɓoye take, ba abin kallo. Hirar ta watse kusan wata guda. Daga baya sai muka lura ta koma ɗakin Goggo, kan dakali. Yanzu har tsofaffin maƙwabta biyu ke shigowa da tasbaharsu bayan magariba, sai an aiko kiransu.

Kaskon yana nan, ba ta yarda an yar ba. Turaren wuta take sawa a ciki ranar Juma'a, a tsakar gida. Shekaranjiya da muka shiga gaishe ta, muka tarar ta shimfiɗa buzunta a kan dakalin tana jan carbi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ku gaya wa maginin nan ya dawo. Ya yi shi gajere, ƙafata na lilo."